Gwiwar Zalɓe

Ranar wata Talata, sha ɗaya saura kwata na safe, likita ya ce yarinyar tana da amosanin gaɓoɓi.

"Wannan ai ciwon tsofaffi ne," in ji ubanta. "Shekararta biyar."

"Akwai na yara." Likita yana rubutu, bai ko ɗago ba.

"A wane littafin?"

Sai a nan likita ya ajiye biro ya dube shi. Da ya san mutumin, da bai yi mamaki ba. A unguwa Ƙamus ake ce masa, kuma ba don yabo ba. Shekara ashirin da biyu yana gyaran littattafai a wani ɗaki da ke ƙarƙashin laburaren gari, mai taga ɗaya tak, ita ma ƙafafun masu wucewa kawai take nunawa. Duk littafin da ya ɗinke sai ya karance shi, wai don ya tabbata bai kifa shafi ba. Da haka ya san kome kaɗan-kaɗan, ya kuma riƙe shi da ƙarfi. In ka ce masa yau ana zafi, sai ya gaya maka shekarar da aka fi. Matarsa ce kaɗai ta iya zama da shi, ita ma wata goma sha huɗu ke nan da rasuwarta. Ta bar masa 'ya ɗaya da suruka ɗaya, da teburin karin kumallo da babu wanda zai yi wa gyara a kansa.

Yarinyar tana zaune a gadon gwaji tana kaɗa ƙafar dama. Ta hagun a lanƙwashe take, gwiwar ta kumbura kamar an cusa lemo a ciki. Kakarta ce ta sa mata suna Zalɓe, saboda kullum da safe a kan ƙafa ɗaya take tsayawa ta goge haƙora.

Likita ya yi bayani dalla-dalla. Ba sanyi ba ne, ba faɗuwa ba ce, ba laifin kowa ba ne, jiki ne ya juya yana yaƙar gaɓarsa. Akwai maganin sha safe da yamma, akwai wani sau ɗaya a mako, akwai gwajin jini. Duk wata uku a kai ta wurin likitan ido ko da idon lafiyarsa ƙalau, don ciwon yakan shiga ido ba sallama. A ƙarshe ya miƙo wata 'yar takarda ruwan hoda.

"Wannan ta ɗakin gashin ƙashi ce, a hawa na ƙasa. Ku je yau."

A yi wa Ƙamus adalci, sun je. Ya leƙa ta ƙofa ya ga wani ƙato kwance a kan tabarmar roba, ana tanƙwara masa ƙafa yana nishi kamar bijimin sa. Ya maida ƙofar a hankali, ya saɓi 'yarsa suka fita. Takardar ruwan hoda ta samu aiki a ranar, ta zama alamar shafi.

Magani kam bai taɓa kuskure lokacinsa ba, ko da minti biyar. Wurin likitan ido ma ya kai ta, har ya gyara masa allon haruffa da ya karkace. Sauran kuwa sai ya ce bari ya bincika da kansa. A can ƙasan kanta akwai wani littafin likitanci mai nauyin bulo, wanda shi da hannunsa ya sake wa bangon fata shekara goma da suka wuce. Ya buɗe babin gaɓoɓi, ya ga an rubuta ƙarara cewa gaɓar da ta kumbura hutu take so, cikakke, ba motsi. Ya duba shekarar bugu. Littafin ya girmi likitan, ya girmi uban likitan. A wurin Ƙamus wannan shaida ce.

Kuma maganar ta dace da abin da hannunsa ya sani. Tsohon littafin da gadon bayansa ya yi rauni ba a shimfiɗa shi. Shimfiɗar jariri ake masa ta kwali, a tallafe shi dama da hagu, ya buɗe rabi kawai ya huta. Saboda haka ya auna gwiwar Zalɓe da zare, ya yanka kwali, ya cusa auduga, ya rufe da koren ƙyallen bango, ya ɗinke da ɗinkin da ba ya nuna zare. Matashi ya fito ɗas a ƙarƙashin gwiwa. Ya yi guda biyu, ɗaya na gado, ɗaya na makaranta.

Tafiya kuwa ya soke ta. A wuya yake kai ta makaranta, a wuya yake ɗauko ta, ya kawo ta ɗakin aikinsa ya ɗora a kan tebur tsakanin tukunyar gam da matsi. Zalɓe ba ta taɓa jin daɗin duniya irin na wannan lokacin ba. Daga can sama take riƙe kunnuwansa tana juya shi.

"Baba, hagu. Ina so in ga awaki."

"Makaranta dama take."

"Ƙafata ce ta ce hagu."

Sai su yi hagu.

Kaka tana kallon duk wannan. Ta zo ne bayan rasuwar 'yarta da niyyar mako biyu, ta duba yadda surukin nata yake daura wa yarinya ɗankwali, ta aika a kawo mata sauran kayanta. Kunyar surukuta ba ta barin ta yi masa magana ido da ido, shi ma haka. Sai dai ta wurin yarinya, in yarinya ba ta nan ta wurin buta, ko ƙofa, ko duk abin da ke kusa wanda ba zai ƙi ba.

"Zalɓe, tambayar min babanki, ƙafar nan ajiyarta aka ba ku?"

"Ki gaya wa Inna hutu ne maganin. A rubuce yake."

"Ki ce masa ni da nake fama da nawa shekara talatin, ranar da na zauna ranar nake ƙagewa."

"Ki ce mata nata na shekaru ne. Ba babi ɗaya ba ne."

"Baba," in ji Zalɓe, "ai tana jin ka."

Mako shida aka yi haka. Kumburin ya ragu, kukan safe ya ragu. Magani ne yake aikinsa, amma Ƙamus ya ba wa matashinsa ladan, har ya fara tunanin ya kamata asibiti su ga irin ɗinkin.

Sun gani. Ranar komawa likita ya taɓa gwiwar ya ce zafin ya sauka, madalla. Sai ya ce yarinya ta miƙe ƙafa. Ta miƙe iya ƙoƙarinta, ƙafar ta tsaya a hanya kamar ƙofar da aka sa wa dutse.

"Me suka ce muku a ɗakin gashi?"

Ƙamus ya fara bayani a kan wani littafi. Likita bai jira ƙarshensa ba, ya kira nas ya ce ta raka su ƙasa, kuma kada ta dawo sai ta ga sun shiga.

Mai ɗakin wata gajeriyar mata ce mai murya kamar ta mai tallan kifi, hannuwanta kuwa kamar na birkila. A kusurwa akwai wata ƙatuwar ƙwallo shuɗiya, tun daga ranar Zalɓe ta sa mata suna Anti Mai Ƙwallo. Ta kwantar da yarinyar, ta ɗauko wani ma'aunin roba mai hannu biyu kamar almakashi, ta ɗora ɗaya a cinya, ɗaya a ƙwauri. Sai idonta ya faɗa kan koren matashin da ke hammatar Ƙamus.

"Wannan fa?"

"Na ƙarƙashin gwiwa ne. Ni na ɗinka."

Ta karɓa ta jujjuya shi, ta bi ɗinkin da ɗan yatsa. "Kai, Malam, hannunka na da kyau. Shekara goma sha biyar ina aikin nan, ban taɓa ganin an lalata gwiwa da tsafta haka ba."

Ta yi masa bayani kamar yadda ake yi wa ɗan aji ɗaya, abin da ba a taɓa yi masa ba tun yana ɗan aji ɗaya. Gwiwar da ta saba zama a lanƙwashe, jijiyoyin bayanta gajarcewa suke. Lafiyayyar gwiwa in ta miƙe, ma'auni sifili yake nunawa. Ta Zalɓe digiri ashirin da biyar ta nuna.

"Na ba ka mako shida. Safe da yamma za ka miƙar da ita, ka danna, ka ƙirga talatin, sau biyar. Kuma ka sauke ta daga wuyanka, ba rawani ba ce. In ba ta sauko ƙasa da goma ba, siminti za mu sa mata daga cinya zuwa idon sawu, duk mako a yanke a sake wani."

Kamar an haɗa baki, injin yanka siminti ya fara kuka a ɗakin da ke kusa. Zalɓe ta ƙanƙame rigar ubanta.

"A littafin da na karanta..."

"Malam, littafin nan yana da gwiwa?" Ta maida masa matashin. "Kar ka yar. Ka sa shi a ƙarƙashin diddige, nauyin ƙafar ya riƙa jan gwiwar ƙasa. Ka ɗinka daidai, wurin sawa ne ka ɓata."

Da yamma ya shimfiɗa bargo a tsakar ɗaki, ya kwantar da Zalɓe, ya ɗora tafin hannu a kan gwiwar ya danna kamar yadda aka nuna masa. Ko biyar bai kai ba ta ƙwalla ƙara.

"Baba, za ka karya ni! Ba na son ka! Ba na son ka!"

Ya ɗauke hannu kamar ya taɓa garwashi. An sha gaya masa wannan maganar a duniya ta hanyoyi da yawa, bai taɓa damuwa ba. Yarinyar nan ce kaɗai ta rage masa da ba ta taɓa faɗa ba.

Daga nan sai aka shiga ciniki. Ya riƙa danna gwiwar kamar mai taɓa kan jariri, ya riƙa ƙirga talatin da saurin mai gwanjo. Zalɓe ta gane kasuwar ta buɗe, ta ce sau biyar ya yi yawa, a bar shi uku. Ranar da take da tari aka ɗaga. Ranar da ba ta da tari aka ɗaga don kada tarin ya dawo. A hanyar makaranta yakan sauke ta ta yi taku goma, ta ɗago ta dube shi da idanun nan, sai ga ta a wuya.

"Ƙofa," in ji Kaka, "a zamaninmu tsakanin bakwai da ashirin akwai wasu lambobi. Ko an soke su?"

Bayan mako biyu Mai Ƙwallo ta auna. Ashirin da huɗu.

"Digiri ɗaya," ta ce. "A haka ranar aurenta za ta miƙe. Malam, ka ga, ni ba ruwana da ko tana son ka. Saura mako huɗu."

A wannan makon aka kawo wa laburare sababbin littattafan shari'a, manya-manya, suna ƙamshin gam. Ƙamus ya hau sama kai wasu da ya gyara, sai ya ga wani lauya mai kwat ya ɗauki ɗaya daga cikin sababbin, ya buɗe tsakiya, ya ɗora tafin hannu ya danne. Littafin ya yi ƙas.

"Ranka ya daɗe, ƙara ya kai ka?"

"Ban gane ba."

"Na ga ka karya masa baya, na ce ko wata tsohuwar gaba ce."

Ya janye wani sabon daga kan tulin, don ba ya iya ganin jahilci ya wuce bai yi masa lacca ba. Ya tsayar da littafin a kan gadon bayansa. Ya sauke bangon gaba, ya bi lungun da yatsa a hankali. Ya sauke bangon baya, ya bi shi ma. Sai ya ɗebo 'yan shafuka daga gaba ya kwantar, ya shafa, 'yan shafuka daga baya ya kwantar, ya shafa, yana yi yana kusantar tsakiya. Littafin yana 'yar ƙara, Ƙamus bai fasa ba.

"Kuma ba a yi masa da sanyi. A bari gam ya ji ɗumi tukuna. Sau uku za ka yi, gobe ka sake."

"To in haka yake da lalura," in ji lauya, "a bar shi a rufe mana."

"A rufe? Gam ɗin ya bushe ya ƙage, ranar da aka buɗe ya tsage gida biyu? Tsoho ake lallaɓawa a ƙyale. Sabo buɗe shi ake yi, kullum, kaɗan-kaɗan, ko yana kuka ba a..."

Lauya ya jira ƙarshen maganar, bai samu ba. Ma'aikatan laburare sun daɗe suna ba da labarin ranar, don ba a taɓa ganin Ƙamus ya bar jimla a hanya ba.

Washegari ya tashi da wuri ya ɗora ruwa. Ya juye a babban bahon wanki, ya gwada da gwiwar hannu, ya zaunar da Zalɓe a ciki minti goma tana wasa da kofi. Sannan ya shimfiɗa tawul a kan teburin cin abinci, don shi a tsaye a gaban tebur hannunsa yake da hankali.

"Yau littafi ce ke."

"Wane iri?"

"Sabo. Mai tsadar gaske. Ba a taɓa karanta shi ba."

Bai fara da gwiwa ba. Ya fara da yatsun ƙafa da idon sawu, ya ce bangon gaba ke nan. Ya koma ƙugu, bangon baya. Ya shafa ƙwauri, ya shafa bayan cinya, daga nan kaɗan, daga can kaɗan, tana dariya tana cewa yana mata cakulkuli. Da ya iso tsakiya ya sa koren matashi a ƙarƙashin diddige, ya ɗora hannu a gwiwa, ya sauke nauyinsa a hankali har ya ji inda ta tsaya, ya ƙara ɗan kaɗan, ya tsaya a nan.

Kada a yi ƙarya, ta yi kuka. Ruwan ɗumi ba ya mai da ciwo ya zama alewa. Ta ce masa mugu, ta ce za ta koma gidan Anti Mai Ƙwallo da zama, ta ce in ta girma ba za ta saya masa kome ba. Shi kuwa idonsa a kan bango, yana ƙirgawa, kowace lamba da cikakken numfashinta. Tsakanin bakwai da ashirin duk ya same su suna nan.

Da suka gama na biyar ta juya masa baya. Can ta ce, "Me aka rubuta a cikina?"

"Ban kai nan ba tukuna. Sai da yamma."

Ɗauka a wuya kuma ya soke ta. Hanyar makaranta ta minti goma ta koma ta minti arba'in. Yana gaba da jakarta, tana baya tana jan ƙafa tana tsine wa duwatsu. Unguwar da ta yi wata biyu tana yi masa dariyar ya zama jaki, yanzu ta juya ta ce ba shi da imani. Mai shagon kusurwa ya fito har bakin titi.

"Haba Ƙamus, ka ɗauki marainiyar Allah mana!"

"Da ina ɗaukarta ka ce na sangarta ta."

"Ai ban san za ka ji maganata ba."

"Ban ji ba. Kada ka sa a ranka."

Mako na uku ma'auni ya ce goma sha takwas. Na huɗu, goma sha huɗu. Kuka ya koma ƙunƙuni, ƙunƙuni ya koma gyara, don 'yar Ƙamus ce, ba ta da inda za ta gado wani hali. In ya tsallake idon sawu sai ta ce ya manta bango.

Wata safiya a mako na biyar tana cikin baho, tana zuba ruwa a kan gwiwar da kofi, sai ta ce, "Umma ta fi ka iyawa."

"Iya me?"

"Ruwan. Nata ba ya zafi haka. Kuma ita tana sa tawul a kai."

Ya ɗauka irin zancen yara ne, da suke haɗa mafarki da jiya. "Umma wanka take miki. Wannan daban ne."

"Ba wanka ba ne. Ƙafa kawai."

Kaka tana bakin ƙofar kicin da buta a hannu. Ya jira ya ji abin da za a gaya wa butar. Sai ta ajiye ta a ƙasa, ta dube shi, shi ɗin kansa, karo na farko tun ranar da ya zo neman auren 'yarta.

"Ummanta ta gaya maka, lokacin na zo muku kwana biyu. A kan teburin can, kana shan shayi. Da ka fita aiki take ɗora ruwan, don kada a yi mata karatu."

Ƙamus ba ya mantuwa, wannan ita ce babbar masifarsa. Nan take safiyar ta dawo masa duka, har da littafin da ke hannunsa da shafin da yake. Matarsa ta ce masa, ka lura yarinyar nan tana ɗingishi in ta tashi? Bai ɗago ba. Ya ce kwaikwayon Inna take yi, yara ba sa ciwon gaɓa. Bayan mako guda ta sake faɗa, ya yi mata bayanin ciwon girma, mai kyau, da misalai. Ba ta faɗa na uku ba. Daga baya abin ya lafa da kansa na wasu watanni, sai matar ta kwanta ciwo, gidan ya manta da wata gwiwa.

Kaka ta sunkuya ta ɗauki butarta. "Buta, gaya wa mai gida ruwan yana hucewa."

Ya ciro yarinyar ya goge ta, ya ɗora a tebur. Ya yi bangon gaba, ya yi na baya, ya ƙirga talatin sau biyar bai rage ko ɗaya ba. Washegari ya rage zafin ruwan, ya sa tawul a kai.

Ranar ƙarshe Mai Ƙwallo ta ɗora ma'auninta, ta ƙanƙance ido.

"Takwas."

"A sake. Hannun sama ya ɗan karkace."

Ta sake. "Takwas."

"Ba a yanke hukunci da awo biyu."

Ta sake na uku. "Tara. Ka ga abin da gardama ta jawo maka. In ƙara?"

"A'a, ya isa."

"To babu siminti." Ta ɗaga murya don yarinya ta ji, Zalɓe kuwa tuni ta dira ta rungumi ƙwallo. "Amma kar ka ce an gama. Ciwon nan ba ya ban kwana. Zai kwanta, zai tashi, wata rana ya koma wata gaɓar. Magani yana nan, ido yana nan, safe da yamma suna nan. Ina son sifilina."

Ya tattara jaka da matashi, ya kai bakin ƙofa, ya tsaya. Ya yi gyaran murya sau biyu.

"Malama."

"Na'am?"

"Kin yi gaskiya."

"Na sani," ta ce, tana goge tabarma. "Sai wata mai zuwa."

Shi ke nan. Rufin asibiti bai faɗo ba, haƙoransa suna nan yadda suke. Maganar ko numfashi ɗaya ba ta cinye ba. Ya fito titi yana mamakin arharta, sai mamakin ya juye ya koma kan matarsa.

Zalɓe tana gaba, tana ɗan jan ƙafar kaɗan, tana tsayawa a kan kowace kwata ta duba ko akwai kwaɗo. Ya rage tafiya don kada ya cim mata. Shekara tara suka yi da uwar yarinyar nan. Ya karanta mata abin da ba ta tambaya ba, ya gyara mata sunayen taurari, ya cinye ta a gardama ko da yaushe, tana murmushi tana kwashe kofuna. Abin da ake bukata a wurinsa bai kai wahalar zura zare a allura ba. Da ma a waccan safiyar ya kifa littafin nan a kan tebur, ya dubi yarinyar tana tsallaka ɗaki, ya juyo ya ce wa matarsa: kin yi gaskiya, tana ɗingishi.